Sunan da Ya Fita ta Bakin Teku

Ba koyarwa ce ta kai ni ƙasar Sin ba. Karatu na je yi da tallafin gwamnati a farkon shekarun 2010, rabo kuma ya sauke ni a Xiamen, birnin da ke gaɓar teku a lardin Fujian, daura da Taiwan. Tsofaffin taswirorin Turawa Amoy suke kiransa. Gari ne mai ɗumi da laima, iskarsa ɗauke da gishirin teku, mutanensa kuma 'yan kasuwa ne tun kaka da kakanni. Da yawa daga cikin Sinawan da suka bazu a Singafo da Filifin da wasu sassan Maleshiya da Indunisiya daga wannan yanki iyayensu suka tashi.

A jami'o'in ƙasar akwai wata al'ada da ake kira kusurwar Turanci. Da daddare ɗalibai za su taru a wani fili, duk mai son goge bakinsa ya zo a yi ta hira da Turanci. Baƙo irina ba ya daɗewa a tsaye shi kaɗai, kafin ya ankara an kewaye shi. A nan ne wasu samari da 'yan mata suka roƙe ni in riƙa zama da su ranar Asabar a wani aji da babu kowa, ba kuɗi ba takarda. Ni in taimaka musu da Turanci, su kuma su gyara mini karin sautin Sinanci, wanda a lokacin yake ba ni wuya. Suna ce mini laoshi, wato malam, alhali ban girme su da wasu shekaru masu yawa ba.

Ban taɓa ganin masu naci irinsu ba. Da sassafe za ka iske su a bakin tafki, kowa da ɗan littafinsa, suna hadda da ƙarfi kamar almajirai a tsangaya. Akwai jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a, mataki na 4 da na 6, akwai kuma IELTS ga mai burin fita waje. Littattafan nan jerin kalmomi ne, kowace kalmar Turanci an ɗaura mata ta Sinanci guda a gefe. Sun haddace dubbai, amma da an zo magana sai baki ya yi nauyi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda suke kallon harshen. A wurinsu Turanci kayan wasu ne can nesa, babu abin da ya haɗa shi da gidajensu, dole ce kawai ta sa ake ɗaukarsa.

A ƙarƙashin benen da nake haya akwai wani dattijo mai shagon kayan wuta, ina ce masa shushu, wato baffa. Kamar kowane mai shago a Xiamen, yana da faranti na katako mai ramuka a kan teburinsa, da 'yar butar lantarki, da wani ɗan kwano mai murfi, da kofuna ƙanana da ba su wuce kurɓa biyu ba. Zai yage ƙaramin ƙunshi, ya zazzage ganye murɗaɗɗe a kwanon, ya zuba tafasasshen ruwa, ya tsiyaye na farko a kan kofunan don su ɗau zafi, sannan ya sake zubawa. Ba ya barinsa ya jima. Ruwan fatsi-fatsi ne, ba sukari ba madara, ƙanshinsa na fure, kuma ganye guda sai a yi ta maimaita masa ruwa har ya buɗe ya cika kwanon. Tieguanyin ake ce masa, daga duwatsun Anxi yake zuwa. Ni da na tashi da shayin teburin mai shayi, mai kauri da madara, ga burodi ga wainar ƙwai, sai da na ɗau lokaci kafin harshena ya gane daɗinsa.

Kullum zan wuce sai ya ɗaga kofi ya ce, “Lim te!” A aji an koya mana cewa shayi “cha” ne. Da na tambaye shi, sai ya ce ai wancan harshen makaranta ne da talabijin, nasu na gida Minnan ne, wanda 'yan ƙasashen waje ke kira Hokkien, kuma su “te” suke cewa. Kunnena ya ƙi sakin kalmar. Na je ɗakin karatu na buɗe manyan ƙamusoshin da ke bin asalin kalmomi, na iske abin da nake zargi gaskiya ne. Ranar Asabar ta gaba na ajiye darasin da na shirya, na ce yau kalma ɗaya za mu yi, mai baƙaƙe uku: “tea”.

Suka yi murmushi, don tun firamare suka san ta. Na zana harafin shayi na Sinanci a allo, na ce su karanta. Baki ɗaya suka ce “cha”. Na ce to, kakanninku fa, yaya suke faɗa a gida? Aka yi shiru. Galibinsu 'yan Fujian ne, amma an tashe su a kan cewa harshen gida na ƙauye ne, ba a shigo da shi aji. Can sai wata yarinya 'yar Anxi, wadda ba ta cika magana ba, ta ce “te”, murya ƙasa-ƙasa. Na rubuta shi da baƙaƙen boko. A ƙarƙashinsa na jera “thee” na Holan, “thé” na Faransa, “Tee” na Jamus, “té” na Sifen, sannan “tea” na Ingila. Ban ce komai ba tukuna. Na ga idanu suna hawa suna sauka a kan allon.

Daga nan na ba su labarin yadda na karanto shi. Harafi ɗaya ne, ya zauna da siffarsa ta yanzu tun zamanin daular Tang, lokacin da Lu Yu ya rubuta littafinsa a kan shayi a ƙarni na 8, amma kowane yanki da yadda yake furta shi. Ganyen ya bar Sin ta hanya biyu, kowace da sunan da ta ɗauka. Wanda ya bi ayarin raƙuma ta tudu ya tafi da “cha”, ya zama “chay” a bakin Farisawa, ya shiga Indiya da Rasha da Turkiyya, Larabawa suka ce “shay”. Mutanen Fotugal da suka zauna a Makau tun 1557 su ma “cha” suka ji a bakin mutanen Kanton, shi suke faɗa har yau. Su kuwa mutanen Holan, da kamfaninsu na Gabashin Indiya da aka kafa a 1602, da fataken Fujian suka yi hulɗa, masu kai kaya tsibirin Jawa da jiragen ruwansu, daga baya kuma a Taiwan. A bakinsu suka ji “te”. Wajen 1610 suka fara kai ganyen Turai, kuma da yake su ne suka daɗe suna sayar wa maƙwabtansu, sunan da suka zo da shi ya bi kayan.

Wani yaro ya tambaye ni, “Laoshi, ku fa a ƙasarku?” Na ce mu “shayi” muke cewa, daga Larabci, wato namu ya biyo ta tudu, ya ƙetaro Sahara. Na ba su labarin shayin Buzaye, da 'yar buta a kan garwashi, da yadda ake ɗaga hannu sama a tsiyaya har ya yi kumfa, na ce musu koren ganyen da ake dafawar daga ƙasarsu ake kawo shi. Na ƙara da cewa bayan zuwan Turawa “ti” ma ta shigo bakinmu. Ashe hanyoyin nan biyu da suka rabu a Sin, a harshena sun sake haɗuwa. Wannan ni kaina sai a Xiamen na san shi.

Abin da ya fi ba su mamaki shi ne furucin. Lokacin da kalmar ta shiga Ingila a shekarun 1650, “te” ake faɗa da jan wasali, kusan yadda baffan mai shago yake faɗa. Daga baya ne furucin ya karkata ya koma “ti”, kamar yadda ya faru da kalmomi da dama masu irin wannan rubutu, amma a wasu sassan Ailan tsohon furucin bai mutu ba. A ranar 25 ga Satumban 1660 wani ma'aikacin rundunar ruwa a Landan, Samuel Pepys, ya rubuta a littafinsa na yau da gobe cewa ya sha wani abin sha na Sin da bai taɓa ɗanɗanawa ba. Bayan shekara biyu Sarki Charles na Biyu ya auri Catherine, gimbiyar Fotugal mai shan shayi, abin ya zama na 'yan gayu a fada. Kuma ba ita kaɗai ce kalmar Fujian da ta yi wannan tafiya ba. “Bohea”, sunan baƙin shayin da ya cika kasuwar Ingila a ƙarni na 18, duwatsun Wuyi ne a bakin mutanen Minnan. Shi ne mafi yawan abin da ke cikin akwatuna 342 da Amurkawa suka zubar a tashar ruwan Bostan a Disambar 1773. “Pekoe” da ake gani a jikin kwalin shayi, farin gashin da ke kan tohon ganye ne a harshen Minnan.

Da asali ya zauna, sai muka shiga ma'ana, a nan kuwa aikin yake. Littafinsu ya ce “tea” daidai yake da “cha”, amma kalma idan ta yi shekara ɗari uku a gidan wasu, ɗabi'un gidan take ɗauka. Na fara da launi. Abin da Basine ke kira jan shayi, Bature baƙi yake ce masa, “black tea”, don shi busasshen ganyen ya duba, Basine kuwa ruwan da ke cikin kofi. Wanda ya je Landan ya nemi “red tea” ana iya miƙo masa roibos na Afirka ta Kudu, wanda ba ganyen shayi ba ne sam. Su kuma Sinawa suna da nasu baƙin shayin dabam, irin wanda ake ajiyewa ya tsufa. Sai sifa: su suna cewa shayi ya yi kauri ko ya tsinke, Bature kuwa ƙarfi da rauni yake ba shi, “strong” da “weak”. Na ce musu a nan Bahaushe ɗan'uwansu ne, mu ma kauri muke cewa, sai dai namu kaurin na madara ne.

Daga nan na gaya musu cewa a Ingila “tea” abinci ne ma. Wajen 1840 aka ce wata mai sarauta, Anna ta Bedford, ta fito da al'adar shan shayi da 'yan kayan ƙwalama da la'asar don ta kashe yunwa kafin abincin dare, shi ne “afternoon tea”. Shi kuwa “high tea”, wanda manyan otal-otal na Asiya ke tallatawa a matsayin na masu hannu da shuni, asalinsa abincin yamma ne na leburori, mai nauyi, a kan dogon tebur bayan an tashi daga aiki. Har yau a arewacin Ingila idan uwa ta kira yara su zo ga “tea” ɗinsu, abincin dare take nufi, ko da babu buta a kusa. Wata ɗaliba mai shirin tafiya Manchesta ta rubuta wannan ta ja masa layi biyu. Na ƙara musu da na ƙasarmu, inda yaro zai ce ya sha “tea” alhali Milo aka dama masa, babu ganye ko ɗaya.

Karin maganar ne suka fi so. Da na ce Bature idan abu bai kwanta masa ba yakan ce “not my cup of tea”, sai suka yi caa, suka ce ai su ma suna da irinsa, su cewa suke yi abin ba miyarsu ba ce. Da na kawo “not for all the tea in China”, wato ko za a ba ni duk shayin da ke Sin ba zan yi ba, sai aji ya ɗauki wani irin alfahari. Ashe akwai lokacin da Bature in yana son kwatanta dukiyar da ba ta ƙirguwa, gonakinsu yake tunawa.

Amma labarin yana da ɗaci, kuma sun fi ni saninsa. Ƙishin shayin Ingila ya riƙa kwashe azurfarta zuwa Sin, sai 'yan kasuwarta suka samo mafita a sayar wa Sinawa ofiyom da ake nomawa a Indiya. Lin Zexu, wanda ya lalata akwatunan ofiyom sama da 20,000 a Humen a 1839, ɗan Fujian ne. Yaƙi ya biyo baya, sojojin Ingila suka kama Xiamen a 1841, yarjejeniyar Nanjing ta 1842 kuma ta buɗe tashoshi biyar da ƙarfin bindiga, Xiamen na cikinsu. A 1848 kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya turo Robert Fortune, ya shiga yankunan shayi da shigar Sinawa, ya kwashi iri da dashe da ƙwararrun ma'aikata zuwa Indiya. Kafin ƙarnin ya ƙare, shayin Indiya da na Silon ya ture na Sin a kasuwar Landan.

Wani saurayi mai karatun injiniya ya ce, cikin fushi na gaske, “Laoshi, sun ɗauki ganyen, sun ɗauki sunan, yanzu kuma mu ne muke biyan kuɗi mu koyi yadda ake faɗarsa.” Ban musa masa ba. Na nuna masa wajen tsibirin Gulangyu, mai tsofaffin gidajen jakadun Turawa, na ce a 1903 aka kafa hukumar baƙi da ta mulki tsibirin nan, kuma a shekarar ce sojojin Ingila suka shiga Kano. Ni ma Turancin da nake koya muku ba da gayyata ya zo gidanmu ba. Amma tunda ya zo, na gwammace in san shi ciki da bai, in san abin da ya ara da wanda ya ƙwata, da in riƙe shi ina jin tsoronsa. Harshen da ya ci bashin kakarka ba shi da hurumin sa ka sunkuyar da kai.

A hutun farkon Oktoba, wanda ya zo daidai da tsinkar shayin kaka, yarinyar nan 'yar Anxi ta gayyace mu ƙauyensu, ni da wasu 'yan ajin. Iyayenta sun yi ta tambaya a kan abin da Musulmi ke ci da wanda ba ya ci, har sabuwar tukunya suka saya domina. Gonakin a jikin dutse suke, hawa-hawa. Da la'asar aka baza ganye a kan manyan faifan gora ya sha rana, da dare aka riƙa juya shi a cikin ganga ta saƙa har gefensa ya yi ja, gidan duk ya ɗauki ƙanshi. Washegari aka gasa, aka ƙunshe shi a farin ƙyalle ana murzawa ana kwancewa har ya dunƙule. Babu wanda ya yi barcin kirki.

Kakarta tana zaune a bakin ƙofa da faifai a cinya, tana cire tsinke daga busasshen ganye, yatsunta sun yi baƙi, ba ta ma kallon abin da take yi. Ba ta jin harshen makaranta sosai. Jikar ta durƙusa kusa da ita ta ce, “A-ma,” wato kaka, ta kwashe labarin ajinmu ta faɗa mata da Minnan. Tsohuwar ta dube ni ta ce in faɗi yadda mutanen Faransa ke cewa. Na faɗa. Ta ce in faɗi na Jamus. Na faɗa. Sai ta gyaɗa kai ta yi wata magana da ta sa jikar dariya har da hawaye. Wai cewa ta yi, to ai daidai suke faɗa, mutanen Bejin ne ba su iya ba. Daga nan ta sa aka kawo mata kwano, ta haɗa mini da hannunta.

Bayan wannan tafiya ajinmu ya canja. Yarinyar da ba ta magana ta zama mai yawan tambaya. Suka fara zuwa da kalmomi da kansu, kowa ya binciko inda tasa ta fito da inda ake amfani da ita, wa ke faɗarta, ga wa, a wane hali. Suka daina tambayata abin da kalma take nufi da Sinanci, suka koma tambayar yaushe ake faɗarta. Wani ya zo da “ketchup”, yana murna ya gano masana da yawa na danganta ta da sunan wani romon kifi a harshen Minnan. Ba zan ce wannan ne ya ci musu jarrabawa ba, haddarsu ce ta yi wannan. Abin da na gani da idona shi ne bakinsu ya saki, tsoron kuskure ya ragu.

Shekaru bayan na dawo gida, wadda ta tafi Manchesta ta aiko mini da saƙo ta WeChat. Ta ce yanzu matasa na cewa “spill the tea”, ta bincika ta gano tsegumi ake nufi, daga bakin baƙaƙen Amurka ya fito ya bazu a intanet, kuma ya yi kama da yadda su a Sin suke kiran 'yan kallon rigima masu cin kankana. Ba tambayata take yi ba, koya mini take yi. Na ji daɗin wannan fiye da kowace godiya.

Yau ina koyarwa a gida, kuma ɗalibaina suna da irin ciwon da na gani a Xiamen: suna ganin Turanci a sama, harshen gida a ƙasa, har wani ya ji kunyar a ji shi yana Hausa a harabar makaranta. Shi ya sa kowace shekara nake ware darasi guda in ba su aikin da ba ya cikin manhaja. Kowa ya ɗauko kalma ɗaya da ake faɗa a gidansu kullum, ya je wurin tsohon da ya fi kowa shekaru a dangi ya ji yadda ake faɗarta a da, sannan ya bi sawunta a littafi har inda ƙarfinsa ya kai. Suna dawowa da Larabci da Barbarci da Azbinanci da Yarabanci da Turanci a cikin maganar da suka ɗauka tasu ce tsantsa, su kuma gano tasu a bakin maƙwabta. Yaron da ya ga haka da kansa ya san babu harshen da bai ci bashi ba, babu kuma wanda ba ya bin bashi. Daga ranar yakan shiga ajin Turanci da kansa a ɗage, ya kuma koma gida yana sauraron kakarsa da kunnen ɗalibi.